Na ƙera wa ogana halin da ba shi da shi

Salamu alaikum jama'ar wannan shafi, barkanmu da warhaka. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku bari in kai aya, don ni ma na zagi kaina har na gaji.

Ni ne wakilin wani kamfanin Turawa da ke sayen kaɗe a nan Minna. Ogana Bature ne, Mista Pita, yana can ƙasarsu, sai dai waya. Mutumin kirki ne wallahi, amma bai san gaisuwa ba, kana cewa "ina kwana" ya shiga maganar kaya. Yawancin kaɗenmu kuwa daga hannun wata dattijuwa yake fitowa, Mama Laraba, shugabar mata masu tsintar kaɗe a wajen Kagara.

Bara mijinta ya rasu, kaya suka tsaya. Da na gaya wa oga sai ya ce, "Abin tausayi. To yaushe mota za ta taso?" Haba jama'a! Da wane baki zan kai wa mai takaba wannan? Sai na sayi goro da sukari, na hau mota na je na durƙusa na ce, "Mama, oga ne ya aiko ni, ya ce tun da ya ji ko abinci ya kasa ci." Ta fashe da kuka ta ce, "Ashe a Turawa ma akwai 'yan halak?" Daga nan bakina ya saba. Kirsimeti, in ce mata oga na gaishe ki. Zazzaɓi ya kama ta, in ce oga ya ce yaya jiki. Ita kuma ta dinga aiko masa da doya da zabi da daddawa, alhali dokar kamfani ta hana karɓar kyauta ko ta allura. Kunyar faɗa nake, amma ni da iyalina muka cinye su tas a gidanmu da ke unguwar Limawa.

Da wasu 'yan kasuwa suka zo da farashin da ya fi namu, korarsu ta yi, wai oga ɗanta ne, ba ta barinsa. Da aka haifa mata jika kuwa, Pita ta sa masa.

Yanzu ga shi oga zai zo mako mai zuwa, kuma da tafintansa daga Abuja, ba ni zan fassara ba. Mama ta sa an yi anko, ta ce da hannunta za ta miƙa masa takwaransa. In na gaya wa oga, aikina ya tafi, don ya taɓa korar wani a kan karɓar kyautar kwalin turare. In na gaya wa Mama, ta yaya zan kalli idonta in ce wanda ta ƙi kuɗi dominsa ko sunan mijinta bai sani ba? In na yi shiru, a gaban mata duka za ta gane.

Jiya ta kira ni tana dariya, ta ce in tambaye shi ko yana cin tuwon dawa. Na ce mata yana so sosai.

Jama'a, don girman Allah, me zan yi?