Gahawar da Ba Ni Aka Ce in Zuba Ba

Juma'a, 3 ga Afrilu, 2020
An rufe majalisa, wato zauren baƙin gidan nan, saboda korona. Ni da aikina zuba wa baƙi gahawa, yanzu ba baƙo ko ɗaya. Daga ni sai Tsoho, Bu Nasir, kafil ɗina, wato ubangidan da ya ɗauko ni aiki, sai agogon bango. Duk unguwarmu ta Al Gharrafa a nan Katar tsit. Ƙafafuna ƙaiƙayi suke.

Lahadi, 5 ga Afrilu
Na kira Gariba direba da muryar Tsoho, har da tarin nan nasa: "Yalla, sayyara!" Wato maza a kawo mota. Ya fito a guje takalmi ɗaya, takunkumi a goshi. Ya ce, "Baballe, wallahi wata rana wannan bakin naka zai sa ka a jirgi." Mutumin Nima ta Ghana ba ya jin wasa.

Juma'a, 5 ga Yuni
Tsoho ya hana ni tashi yau. Larabcina na allo ne da na kasuwa, amma na tsinci abin da na tsinta. Ashe yana da ƙani a Baharen, Bu Yakub. Ubansu mai nutso ne, yana ciro lu'ulu'u, mata ɗaya a wannan gaɓa, ɗaya a waccan. Kwalekwale kawai, ba fasfo. Sai ga Turawan Ingila, sai man fetur, sai tuta, sai gardamar tsibiri na wane ne.

Ya ce rigimar can ta girmi kowa. Masu nutso da masu jirgi ne: wasu na shiga ruwa, wasu na rabon abin da aka fito da shi. A shekarar da jama'a suka cika titi a Baharen, ɗan Bu Yakub ya bi su. Aka kama shi. Bu Yakub bai taɓa cewa uffan a kan hukuma ba, tsoro. Da maƙwabta suka rufe wa Katar iyaka, sai suka yi cacar baki a waya. Tsoho ya ce masa, "Kana kare waɗanda suka kulle ɗanka?" Daga ranar shiru.

Na ce, "Baba, ka kira shi mana." Ya miƙo finjali kawai.

Asabar, 9 ga Janairu, 2021
An buɗe iyakar Saudiyya. Mutane na ta hon. Ta Baharen har yanzu ba jirgi. Tsoho ya sa na duba masa waya sau ba adadi, wai lokacin salla yake son sani. Lokacin salla, hmm.

Talata, 18 ga Oktoba, 2022
Na daɗe ban rubuta ba. Tsoho ya yi jinya, ya rame, ido ya kusa tafiya. Ni ke riƙe masa waya.

Yau na yi wata. Yana gyangyaɗi bayan azahar, na nemo lambar Bu Yakub, na danna naɗar murya, na yi tarin, na ce da muryarsa, "Ta'al. Gahwa." Zo ka sha gahawa, shi ke nan. Na tura. Dariya nake so in yi amma ba ta zo ba.

Laraba, 19 ga Oktoba
An saurara. Ba amsa. Na goge daga wayar. Gariba ya ce, "Ka shiga tsakanin Larabawa? Ka fara ɗaure jakarka."

Lahadi, 20 ga Nuwamba
An fara ƙwallon kofin duniya. Gari kamar Makka lokacin Hajji. Na ce wa Gariba Ghana yawon buɗe ido suka zo. Ya ce, "Ku fa? Wa ya hana ku zuwa?" Su ne suka fitar da Najeriya, sai na sauya magana.

Ban iya zama wuri ɗaya. Kowace mota ta tsaya sai na leƙa ƙofa.

Laraba, 23 ga Nuwamba
Bu Yakub ya zo. Ta Saudiyya, da katin 'yan kallo, dattijon da bai san ko golan wace ƙasa ba.

Majalisa cike bayan la'asar, ana ta maganar wasan jiya. Ya yi sallama, aka amsa, ban da mutum ɗaya. Hancinsu iri ɗaya, shi da Tsoho, wallahi. Ya ce, "Ka kira ni, na zo." Tsoho ya ce, "Ni?" Sai ya juyo da wannan idon da ba ya gani, daidai inda nake tsaye da buta.

Ya ce min a hankali, "Cika masa."

A Kano cika wa baƙo kofi karamci ne. A nan ɗan kaɗan ake zubawa a gindin finjali, don ya daɗe ana ƙara masa. In ka cika, ka ce masa sha ka tafi. Kowa a ɗakin ya ji. Na ɗaga buta. Na zuba ɗan kaɗan, yadda ake wa baƙon da ake so, na miƙa da dama.

Bu Yakub bai sha ba. Ya ajiye a ƙasa. Wannan ma na san shi: yana da buƙata, ba zai sha ba sai an ba shi. Gahawa na hucewa, ba mai motsi. Ya ce wata magana, na ji "ɗana", na ji "an sake shi", na ji "ba mai ba shi aiki, ba ya barci". Na ji "ba shi da baffa sai kai."

Tsoho ya juyo gare shi. Sannan ya ce, "Sha gahawarka." Ya sha. Na ƙara masa. Bai girgiza finjali ba, alamar ya ƙoshi, sai a na uku.

Alhamis, 24 ga Nuwamba
Tsoho ya kira ni. Na ce a raina jirgin da Gariba ke faɗa ya iso. Ya ce, "Yi min tarin." Na yi. Ya ce, "Ƙarya kake, nawa ya fi zurfi." Ban san ko an yafe min ba.

Litinin, 28 ga Nuwamba
Suna ta faɗa. Kan tsibiri, kan wace uwa ta fi iya dafa kifi. Ba wanda ya tashi.

Litinin, 19 ga Disamba
'Yan kallo na watsewa. Bu Yakub ya koma jiya, zai nemi hanyar turo yaron. Ba tabbas za a bar shi ya fito. Tsoho ya sa an share ɗakin sama duk da haka.

Hutuna na wata mai zuwa, na ce a ɗage. Gariba ya ce me ya sa. Na ce tikiti ya yi tsada. In yaron ya iso aka ba wani sabo buta, ai cika masa zai yi.