Kwalbar Kuru ta Ƙarshe

Laraba, 18 ga Fabrairu, 2009

Yau na buɗe kwalbar ƙarshe ta ƙwarin ruwa masu nutso da muka kamo da Oga Dung a tsohon ramin kuza na Kuru. Tun rasuwarsa nake kauce mata, amma sinadarin da muka jiƙa su a ciki don kada su lalace ya fara bushewa, dole na taɓa.

Na juye su a faranti, sai na tuna ranar da na fara aiki a ƙarƙashinsa. Na ware masu faffaɗar ƙafar gaba gefe, masu siririya gefe, ina ta murna na samo iri biyu. Ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Haba Binta, ka raba miji da mata! Iri ɗaya ne." Har ya koma ga Allah "ka" yake ce mini, ban taɓa gyara masa ba.

Ban san abin da ya shiga kaina ba yau. Da gangan na sake raba su gida biyu, na zauna ina kallon ƙofa. Ba wanda ya shigo. Can na ji ana jan kujerarsa zuwa wani ofis.

Da na dawo gida Anguwan Rogo, Inna ta ga idona ta ce, "Ke kuma a kan ƙwaro kike kuka?" Na ce mata ƙaurin sinadari ne.

Sai yanzu na tuna haka na baro su a rabe. Gobe ni zan haɗa su.