Kamu Sittin na Babanku

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Ƙafar tawa ta yi sauƙi, kada ki damu. Ba ita ta sa na ɗauki biro ba.

Kin san takardar da babanku, Allah ya jiƙansa, suka rubuta da ƙaninsa Baba Ƙarami lokacin da suka raba filin gidan nan. Faɗinsa ta bakin titi kamu ɗari ne, sittin namu, arba'in na Baba Ƙarami. Da hannun babanku aka auna, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, kuma ba su taɓa gina katanga a tsakani ba, don suna ganin babu mai shiga tsakanin wa da ƙani.

To, yanzu Baba Ƙarami zai gina shaguna. Ranar Talata ya zo da mai awon filaye, wani dogo mai tabarau. Mutumin ya ce ofishinsu bai san kamu ba, mita ya sani, kuma a wurinsu kamu ɗaya santimita arba'in da biyar ne. Ya latsa wayarsa, ya ce rabonmu mita ashirin da bakwai. Da ya ja tef ɗinsa, turken iyaka ya faɗo daidai ƙarƙashin tagar ɗakin ɗinkina. Wato rabin ɗakin da rijiyar sun tashi daga namu.

Na ce ban yarda ba. Baba Ƙarami ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri, ilimi ne ya zo." Ni za a faɗa wa haka, Auta? Shekara talatin da biyu tef na rataye a wuyana, gefe ɗaya inci, gefe ɗaya santimita. Tun kafin a haifi mai tabarau na san yadi bai kai mita ba. Kuma ni na yi ta ɗinka wa babanku riga, kullum sai na ƙara wa hannun tsawo. Kamunsa ba na kowa ba ne.

Bayan sun tafi na tumɓuke turken, na tokare ƙofar kicin da shi. Za su dawo ranar Litinin. Ina nan.

Ki gaida maigidanki, ki shafa mini kan yara.

Mahaifiyarki.

Zuwa ga Autata,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ya jikin ƙaramin? Ki rage ba shi ruwan sanyi.

Saƙonki ya iso. Kin ce in bar musu ɗakin don zumunci, in dawo wurinki da zama. Na gode, Allah ya yi miki albarka, amma ba zan zo in zauna ina kallon bango ba alhali kekena na nan. Zumuncin da sai an rushe mini ɗaki zai tsaya, dama can a kwance yake.

Ranar Lahadi da safe na kira maƙwabciyarmu mai kitso ta riƙe mini bakin tef. Nawa na ɗinki mita ɗaya da rabi ne kacal, sai na riƙa yin alama da alli a gefen kwata, masu wucewa suna kallonmu kamar mun zare. Daga kusurwa zuwa kusurwa na ja shi sau talatin da huɗu, da ragowar mita guda. Mita hamsin da biyu ke nan. In kamu ɗari ya ba da haka, to kamun babanku santimita hamsin da biyu ne.

Da suka zo ranar Litinin na shimfiɗa musu tabarma, na kawo ruwa. Sai na tambayi mai awon, da kamun nan nasa, arba'in na Baba Ƙarami mita nawa ne. Ya ce sha takwas. Na ce ya haɗa da namu, ya ce arba'in da biyar. Na ce, "To ɗana, sauran mita bakwai ɗin fa, daga sama suka faɗo masa?"

Yaron kirki ne ashe. Bai yi musu ba, ya tashi ya auna filin gaba ɗaya, ya dawo ya cire tabarau ya ce namu kaɗai aka nuna masa. Ya sake lissafi, rabonmu ya zama mita talatin da ɗaya da santimita ashirin. Da hannunsa ya kafa turken bayan rijiya, ya rubuta a takarda, ya sa hannu. Baba Ƙarami ko ruwan bai sha ba. Ba zan ɓoye miki ba, da suka fita sai da na shiga ɗaki na yi kuka, don fuskarsa sak ta babanku.

Jiya matarsa ta shigo tana ta kame-kame. Wai shagunan uku mita ashirin da ɗaya suke bukata, nasa kuma ya gaza da santimita ashirin, wato taƙi guda. Na ce mata taƙi ba komai ba ne, zan bayar. Amma shi da ya iya zuwa da turke, ya zo da ƙafarsa ya roƙa. Tabarmar tana jingine a bakin ƙofa. Har yanzu da nake rubutun nan bai zo ba, ni kuma ba gaggawa nake ba.

Ki gaida kowa da kowa. Allah ya tsare ku.

Mahaifiyarki.