Kwana Shida Bayan Ranar Mama

Footscray, Melbourne,
3 ga Satumba.

Zuwa ga ƙanwar mahaifiyata, Inna Ut,

Ina gaishe ki cikin ladabi, hannu biyu a ƙirji, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da Kawu Bay da duk mutanen gida a Soc Trang. Ina roƙon Buddha da magabatanmu su ƙara miki ƙarfi, su sassauta miki ciwon gwiwar nan da damina ke tayarwa. Mu ma muna lafiya. Mijina Khanh yana nan yana fama da gareji. Sukarin Baba ya ɗan daidaita, sai dai kunnensa na hagu ya tafi gaba ɗaya, kuma tun rasuwar Mama abincin da yake ci ko kyanwa ba zai isa ba.

Inna, takarda na zaɓa don in na kira ki a waya kuka ba zai bar ni in kai ƙarshen zance ba. Na tafka ɓarna, kuma da hannuna.

Kin tuna lokacin da Mama ke asibiti ba abin da ranta ya so sai bun nuoc leo, taliyar shinkafar nan a romon tsumammen kifi, ta Goggo Sen da ke can gida, gindin tsamiya bayan kasuwar kifi. Shago huɗu na zaga a nan na kawo mata. Kowanne ta ɗanɗana sai ta ture, ta ce wannan romon matsorata ne, an ji tsoron warin kifin. A gabana Baba ya riƙe hannunta ya yi alkawarin ranar cikarta shekara da rasuwa zai je gida ya ajiye mata kwanon Goggo Sen da kansa. Da aka ƙone gawarta bisa al'ada, ko tokarta bai samu rakawa gida ba, yana kwance ƙanena Thach ya kawo muku ita. Wannan alkawarin ne kaɗai yake tashe shi daga gado.

Wata goma ina ƙulla tafiyar nan. Ban sake sayen abinci a waje ba, kullum da kwanon shinkafata nake zuwa ɗinki, ina leƙen farashin jirgi safe da yamma. A watan Yuni na kama rangwame, kujera uku, irin tikitin da ba a sauyawa ba a mayar da kuɗi, jakar hannu kawai. Na sa mu sauka ranar ashirin ga Oktoba, tunda Mama ta rasu ashirin da shida. Har kuri nake yi a gida wai na fi kowa wayo.

Asabar da ta wuce ina zaɓen ganye a kasuwa, Goggo Lanh mai tebur ta tambaye ni yaushe ne tafiya. Da na faɗa mata sai ta saki ma'auni ta hau ƙirga da yatsu. Ta ce ashe zaman nan ya mai da ni Baturiya, da kalandar asibiti zan kira uwata cin abinci? Mama ta rasu sha biyu ga watan tara na lissafinmu na ganin wata, bana kuma ranar ta faɗo sha huɗu ga Oktoba. Wayyo Inna! Ke kin sani, ana iya shirya wa mamaci abincin tunawa kafin ranar, amma ba a yi bayanta, don mamaciya za ta zo ta tarar da tebur wayam ta koma da yunwa. Mu kuwa kwana shida za mu makara.

Khanh ya ce abin ai mai sauƙi ne, ku a can gida ku yi na gaskiya a ranarsa, in mun iso ku sake shirya wani, tsoho ba zai gane ba. Na zage shi tas, na ce uwarsa na raye shi ya sa bakinsa ke da sauƙi. Amma ba zan ɓoye miki ba, bayan zagin na zauna na rubuta miki takardar roƙon haka, sai da na kai ƙasa kunya ta kama ni na yage ta.

Ranar Litinin da safe na sami Baba yana ba shukarsa ruwa a bayan gida. Da ƙarfi na yi maganar saboda kunnen, har maƙwabta suka ji wautata. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya kashe famfo, sannan ya tambaya ko abin da ya rage na masauki da abinci zai sayi kujera ɗaya. Zai saya, amma a jirgin da ke yada zango awa bakwai a Kuala Lumpur. Mutum mai shekara saba'in da takwas, ba kunne, ba Turanci, ga allurar sukari! Likitansa ya yamutsa fuska. Thach ya kira daga Perth yana ta ihu wai na rasa ranar uwa yanzu zan salwantar da uba. Na durƙusa na roƙi Baba ya haƙura sai baɗi. Ya ce shi da Mama sun tsallake teku a kwale-kwalen masunta ba tikiti ba ruwan sha, ɗakin jira mai kujeru ba zai ba shi tsoro ba, kuma wa ya yi masa alkawarin baɗi? Jiya na saya masa.

To ga roƙona. Zai sauka Saigon ranar sha biyu ga Oktoba da ƙarfe huɗu na yamma. Kawu Bay ya tsaya daidai bakin ƙofar fita ta filin jirgi, don Baba ko an kira sunansa ba zai ji ba. Ke kuma ki taimaka ki leƙa gindin tsamiyar tun yanzu ki gani ko Goggo Sen na nan. In ta daina, ki nemo 'yarta. In babu kowa, ki faɗa masa gaskiya, kada ki sayo na wata ki ce nata ne. Mu in mun iso, tabarma a falonki ta ishe mu.

Ranar kuma ki kunna sandar turare ɗaya da sunana. In dangi sun tambayi ina babbar 'yar, kada ki rufa mini asiri. Da na ba Baba takardar tikitin ina kuka, sai ya ce in share hawaye, zai gaya wa Mama ina hanya ta ɗan dakata, ai ta san halina, ko haihuwata sai da na sa ta jiran kwana goma.

Ki gaishe mini da Kawu Bay, da Diem da mijinta, da Loc da jaririyarsa. Khanh yana gaishe ki, kansa a ƙasa.

'Yarki mai jin kunyarki,
Nhung