Darar Shayi da Ɗan da Na Kora

Assalamu alaikum. Don Allah a taimake ni da shawara, abin ya fi ƙarfina. Ban yi boko ba, maƙwabcina ke rubuta mini, na kuma ce kada ya gyara ko kalma ɗaya.

Ni tsohon kafinta ne a Hayin Banki. Ɗana Ashiru yana tuƙa Keke Napep. Sai na ji kullum yana kan waya yana zuba kuɗi a kan ƙwallon Turai, har mai keken ya ƙwace abinsa. Da na tsare shi, wai shi ba caca yake yi ba, hasashe ne. Na watsa masa kayansa waje a gaban jama'a, na ce ba na zama gida ɗaya da ɗan caca. Tun kafin azumi yana Katabu wajen abokai, ko gaisuwar sallah bai zo ba.

Abin da ya fi ci mini rai yayarsa ce, Juwairiyya. Yarinyar da na aurar da gumina, ita ta dubi idona ta ce a cinyata Ashiru ya koya. Wai darar da muke yi da abokina Nuhu a gindin dalbejiya. To tun muna samari haka muke: wanda aka cinye, a rataye hularsa a ƙusa, ba ya ɗauka sai ya sayi shayi da burodi. Yanzu wannan ne caca? Wa ya taɓa rasa sana'a saboda shayi? Wasan dattawa ne. Na ce ta fice mini, sai ta daina zuwa, jikokin ma ba ta turowa.

Gaskiya ne da Ashiru yana ƙarami ina zuwa da shi wajen darar. In na ci, shi ke hawa benci ya rataye hular Nuhu, shi ke cinye burodin, mu yi ta dariya. Abin yana yawan faɗo mini a rai. Amma ni uba ne, ba zan je in ba yara haƙuri ba. Yaya zan yi su dawo?

Dattijo mai ɓacin rai, Hayin Banki

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya huci zuciyarka.

Ba ka yi laifi ba da ka tsawata. Abin da Ashiru ke yi caca ce, ta riga ta raba shi da sana'arsa, kuma shayinku bai kai ta ɓarna ba. Sai dai ka lura: shi ya ce hasashe, kai ka ce wasan dattawa. Kowa ya sa wa tasa suna mai daɗin ji. Duk wasan da wanda aka cinye zai biya wanda ya ci, hanyarsu ɗaya, ka tambayi limaminku ka ji. Juwairiyya ta yi kaushin baki, amma kai ma ka san abin da ta gani.

Ku ci gaba da dararku, ku zare ƙusar nan, shayi kuma a riƙa saye bi da bi, ko wa ya ci. Sannan ka tafi Katabu da ƙafarka, ka ɗauki Nuhu. Ba haƙuri za ka je bayarwa ba. Ka ce wa Ashiru ka bar taka, ka zo ka ji ko zai iya barin tasa. Kora ba ta raba yaro da caca, sai dai ta miƙa shi ga waɗanda suke yi tare. A hanyar dawowa ku biya gidan Juwairiyya.

Allah ya shirya Ashiru, ya cika maka tsakar gida da hayaniyar jikoki.