Labulen da Na Ƙi Yankewa

Asabar, 2 ga Maris

Mun iso. Ɗaki biyu da falo, famfo a cikin gida, kuma hayar ba ta kai ta ɗakinmu guda na babban birni ba. Na yi ta buɗe famfon ina rufewa har Abban Tsanya ya ce, "Ki bar shi ya huta mana, gobe ma yana nan."

Duk da haka na tuna masa alkawarinmu tun kafin a sauke katifa. Wata uku za a gwada shi a kamfanin yankan katako. Ranar ƙarshe ta Mayu za a ba shi takardar aiki ta shekara biyu. Shi da bakinsa ya ce in na ce a koma, ba zai sa hannu ba. Yaya kuma ta ce ɗakin bayan gidanta yana jiranmu har wannan ranar.

Litinin, 4 ga Maris

Labulen da Yaya ta ɗinka mini sun yi wa tagogin nan tsawo, kusan kamu biyu ke jan ƙasa. Na naɗe gindinsu na riƙe da maƙalan shanya. Ba kyau, na sani. Amma in na yanke, muka koma, me zan rataya?

Yau ya fara aiki. Mutumin da ya shekara shida yana sayar da takalma a shagon wani, hannunsa kamar na jariri, ga shi ya dawo da garin katako har cikin kunne. Ƙarfe biyar ya shigo. Tsanya ta tsaya tana kallonsa, ta ce, "Abba, yau Lahadi ce?" Shekararta huɗu, ba ta taɓa ganinsa da rana ba sai Lahadi. Na shige kicin kada su ga idona.

Laraba, 13 ga Maris

Maƙwabciyata tela ce, kowa Mai Keke yake ce mata. Baki gare ta, tubarkalla. Ta leƙo aron tsintsiya, ta ga labulen, ta riƙe haɓa.

"Maman Tsanya, shanya kike yi a falo? Kawo in rage miki, kyauta."

Na ce mu baƙi ne, ba lallai mu daɗe ba. Ta ce ita ma haka ta ce shekara goma sha ɗaya da suka wuce.

Juma'a, 22 ga Maris

Rana tana shigowa ɗakin yara. Alhamdulillahi. Shi ke nan abin da zan rubuta.

Lahadi, 7 ga Afrilu

Yau kam garin ya ishe ni. Shiru kamar an yi shara. In na fita da goyon jariri, ƙanin Tsanya, kantin kayan miya ɗaya ne, hanya ɗaya ce, fuskokin da na gani jiya su ne na yau. Na kira Yaya na ji hayaniyar layinmu a bayan muryarta, har da mai gyaran takalmin nan da nake wa faɗa kullum. Wai ni ce ke kewarsa! Na yi kukana na wanke fuska.

Alhamis, 18 ga Afrilu

Ina neman allura na ci karo da kwalbar maganin tarin Tsanya a ƙasan jaka, ko buɗe ta ba a yi ba. Sai na tuna rabona da jin tarinta tun makon da muka zo. A can, bangon da take kwana kusa da shi ba ya bushewa, har kore yake yi. Likita ya sha faɗa mana ɗakin ne. Muna cewa to, don ba mu da wani.

Na zauna riƙe da kwalbar na daɗe ina godiya ga Allah. Ban gaya wa Abbanta ba, kada kansa ya kumbura.

Litinin, 6 ga Mayu

Katako ya danne masa babban yatsa, farcen ya fita. Ogansu da kansa ya kai shi asibiti ya kawo shi gida. Ina ganin bandeji na sauko da akwati, ina cusa kaya ina masifa: takalmi bai taɓa cire wa kowa farce ba!

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Maman Tsanya, a can in na tashi aiki ban san me na yi ba. Nan kuwa ina waiwayawa in ga tarin da na yanka." Ya ƙara da cewa alkawari dai yana nan.

Na mayar da akwatin, don jariri yana ta miƙa hannu yana jan kayan ciki.

Talata, 21 ga Mayu

Na kama shi. Kullum in ya shigo, kafin ya cire takalmi sai ya saci kallon gindin labule. In ya ga maƙalan nan, sai ya sauke ido ya ɗauki Tsanya. Bai taɓa tambayata ba.

Ga kuma kantar da ya haɗa mini da guntayen katakon da ake ba su, ya goge ta sumul. Mako biyu tana jingine a kicin. Na ce me ya hana a kafa? Ya ce ba ya son ya huda bangon mutane a banza.

Mutumin nan zai kashe ni da haƙuri.

Laraba, 29 ga Mayu

Yaya ta kira. "Ƙanwata, in sa a share ɗakin?" Na buɗe baki, sai na ji Tsanya a waje tana tsere da 'ya'yan Mai Keke, tana ihu da duk ƙarfin ƙirjinta. Na ce zan kira ta.

Alhamis, 30 ga Mayu

Jariri ya fara rarrafe, kuma jiya na ga maƙali a bakinsa. Wannan ne kawai dalili.

Na kwashi labulen na kai wa Mai Keke. Ta ɗaga almakashi ta dube ni. "In ya shiga fa, ba ya dawowa." Na ce, "Yaya Mai Keke, surutu na kawo ko ɗinki?" Da ƙyallen da ya saura ta yi wa Tsanya siket.

Ƙarfe biyar ya shigo. Ya dubi taga, ya dubi ɗayar, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Na ce ya daina tsayuwa kamar an dasa shi, abinci na hucewa. Bai ci ba sai da ya aro guduma ya kafa kantar. Da ciwon yatsan nan, ta ɗan karkace hagu. Na ce a bar ta haka.

Na goge masa farar rigarsa ta gobe, na sa biro a aljihun. Saura in kira Yaya.