A Buɗe Akwatin Ko Kada A Buɗe

Bunkure, 6 ga Nuwamba, 2006

Zuwa ga ɗana Mudassiru a Fatakwal,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya kai da iyalinka. Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare ka a hanyoyin can, ya yi wa 'ya'yanka albarka. Mu nan sai godiya. Gwiwar mahaifiyarka Asta ta yi sauƙi, har gidan suna ta je makon jiya da ƙafarta. An yanke shinkafa, ba laifi. Ƙanwarka Raliya ce ke rubuta wannan, ni nake faɗa, kuma na ce sai ta karanta mini daga farko har ƙarshe kafin a liƙe, don kada ta rage abin da bai yi mata daɗi ba.

Dalilin rubutowa shi ne kwamfutar da ka kawo mana shekara uku da suka wuce. Yau kwana goma sha biyu ta ƙi tashi. In an danna, 'yar koriyar fitilar nan tana kamawa, fankar ciki tana juyawa, sai ta yi kuka sau uku kamar ɗan tsako, ta yi shiru. Gilashin kuwa baƙi ƙirin. Da farko na ce ƙarfin wuta ne ya yi ƙasa, muka aro janareta, haka ta yi. Raliya ta sake wayar wuta da ta maƙwabta, ta zare ta bayan gilashin ta mayar, ba canji. Na sa aka ɗauki gilashin a babur zuwa Kura, aka haɗa shi da wata kwamfutar a shagon buga takardu, ya kawo hoto tangaran. Ka ga ke nan ciwon yana cikin akwatin.

Za a gaya maka cewa ni na taɓa ta, to bari ka ji daga bakina. Ruwan ƙarshe da aka yi, ɗakin Raliya ya yi yoyo daidai kanta. Na rungumo akwatin na kai ɗakina, na ɗora kan buhunan shinkafa. Da zan sauke ya ɗan zame ya bugi ƙasa, ba da ƙarfi ba. Injin ban ruwana ya faɗo daga amalanke ya fi sau biyar, har yau ja ɗaya yake tashi. Da na bar ta ruwa ya jiƙa ta, da yanzu wata maganar ake yi.

Raliya ta kirawo Sammani, mai gyaran irinsu a Kura. Mutum ne mai ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Da ya saurari kukan, ya ce akwai wani ɗan falle a ciki mai kama da mataji, shi ne ya goce daga mazauninsa, a zare a goge a mayar, aikin minti goma. Ya zaro sukudireba, na riƙe hannunsa. Na gaya masa ranar da ka kawo ta, a zaure, gaban mutane, ka ce kada in bari kowa ya buɗe cikinta. Ya ce ai yara kake nufi da masu karambani. Na ce ban ji ka ware kowa ba. Raliya ta yini ba ta yi mini magana ba, mahaifiyarka ta ce taurin kaina ya fi na akwatin.

Abin da ya sa maganar ta yi nauyi, ka san gonata tana can wutsiyar kanal, sai na sama sun ƙoshi ruwa yake isowa gare mu. Bara, bayan rigimar da aka sha, manoman layinmu suka amince mu na ƙarshe mu riƙa shan ruwa Talata da Juma'a tun da safe, kafin na sama su buɗe nasu. Raliya ta buga wannan a kwamfutar nan da sunan kowa da ranarsa, yana nan a cikinta. Takardar da aka fitar aka ba Sada, tunda shi ne magatakarda, kuma gonarsa tana bakin ƙofar ruwa. Yanzu ya ce ya neme ta bai gani ba, wai kuma shi bai tuna an ce da safe ba. Ruwa ba ya tsami banza. Wannan Sadan ni na koya wa ubansa dashen albasa. Taro ranar ashirin da biyar ga wata ne, kafin a saki ruwan rani. In babu takarda, sabon rabo za a yi, na sama sun fi mu yawa, kuma irin tumatirina ya riga ya isa dashe.

Kada ka ce me ya hana a buga maka waya. An buga sau huɗu daga wajen mai wayar haya da ke ƙarƙashin lema a kasuwa, wata mata ce take amsawa da Turanci. Ko da an same ka ma, maganar waya iska ce, ba ta da shaida. Direban da zai ba ka wannan, albasa ya ɗauko, zai kwana biyu a can ya juyo. Ka rubuta da hannunka, a buɗe ko kada a buɗe, ka sa hannu. In ka ce a buɗe, Sammani zai yi a gabana, ina ƙirga kusoshin.

In amsarka ba ta iso ba, zan je taron da bakina kawai, in faɗi abin da na sani, wanda zai ƙaryata tsoho ya ƙaryata. Tumatir ana sake shuka shi baɗi. Shekara uku ba ka tako garin nan ba, ba ka tambaye ni komai ba, ba ka sa ni komai ba. Wannan maganar guda ɗaya ka bar mini a hannu, ba zan sake ta don wani ya ce ya san abin da kake nufi ba.

Ka gaida matarka Aziza, da Dattijo da Halimatu Sa'adiyya. Asta tana gaishe ku, ta sa kuka da daddawa a ƙullin da ke hannun direba. Raliya ma tana gaisuwa, ta ce in ƙara da cewa ka yi sauri. Na ƙara.

Wassalam. Ni ne mahaifinka,
Malam Tambaya